Baba Saje da Gaisuwar Auta

Da Baba ya rasu, gidanmu na Kafanchan ya cika tun kafin mu gama share tsakar gida. Matan zumunta na cocinmu ne suka fara isowa, da ankonsu da tulunan kiɗansu, suka kewaye Mama a falo suna waƙa ƙasa-ƙasa. Bayansu sai tsofaffin sojoji, abokan karɓar fanshonsa, suka jeru a benci a gindin mangwaro, kowa da sandarsa, kowa yana so a san shi ya fi sanin mamacin.

"Oga Saje ba ya wasa da taim," in ji ɗaya daga cikinsu. "Ko fasto ne ya yi latti, sai ya nuna masa agogo."

"Mutumin nan disiplin ne daga kai har ƙafa," in ji na kusa da shi. "Allah ya ba ku haƙuri, Malama."

Ni ce Malama. Ni ce 'yarsa ta tsakiya, mace tilo tsakanin maza biyu, Yaya da Auta. Hotunansu suna rataye a falo, daidai saman kan Mama, kowanne cikin kaki da anini a kafaɗa. Dukansu hafsoshin soja ne, dukansu sun mutu a bakin daga a arewa maso gabas, suna da ƙuruciyarsu. Masu gaisuwa sukan ɗaga kai su kalli hotunan su yi maza su sauke. Ba wanda ya ambace su.

Sai da Goggo ta iso. Yayar Baba ce, daga ƙauyenmu na wajen Nok aka kawo ta a kan babur, zaninta yana ƙanshin citta. Goggo ta tsufa har ta wuce inda ake ce mata ta yi shiru. Ta sha ruwa, ta goge baki, ta dubi hoton Auta ta daɗe, sannan ta ce da ƙarfi yadda kurame suke magana:

"To, ya tafi. Yanzu dai sai ya amsa gaisuwan yaron nan, tunda a nan ya ƙi."

Waƙa ta tsaya. Mama ta sunkuyar da kai. Ni kuwa raina ya ɓaci har na ji kunnena ya yi zafi, amma ban tanka ba, don abin da Goggo ta faɗa shi dangi duka suka ɗauka: cewa Baba ya shiga ƙasa da gaisuwar ɗansa a hannu bai amsa ba. Rabin labarin suka sani. Sauran rabin yana wurina, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Gidanmu gidan soja ne tun daga Kaka, wanda ya je yaƙin Bama na zamanin Turawa ya dawo da igiyar kofur da ciwon ƙafa. Baba ya bi sawunsa yana matashi, ya yi aiki har gashinsa ya fara fari, ya tsaya a saje. Mama takan tsokane shi ta ce gidan soja ne, amma gidan masu cewa "yes sa". Ba ya jin haushi. Yakan ce ai in ba masu cewa "yes sa", masu ba da oda bango za su riƙa yi wa magana.

A bariki muka tashi, kuma ko da muka dawo Kafanchan bayan ya yi ritaya, barikin ya biyo mu. Ranar Asabar da safe takalman gida duka sai sun jeru a baranda, har silifas ɗin Mama, Baba yana bi yana dubawa. Shi yake goge wa Mama ankon zumunta, ya fitar masa da kari a hannu kamar rigar fareti, matan coci suna yi mata dariya. Ranar Lahadi shi ne mai tsaron ƙofar majami'a. In ka makara ba zai yi maka faɗa ba, sai dai ya raka ka har bencin gaba, ya zaunar da kai inda kowa zai gan ka. "Oda oda ce," ita ce maganarsa, ko a kan gishirin miya ne.

Akwai kuma dokar gaisuwa, wadda ba ta bariki ba ce, ta gidan Kaka ce. Yaro in ya dawo daga tafiya yakan durƙusa a gaban babba ya gaishe shi, kuma ba ya miƙewa sai an amsa an ce masa "tashi". Mun saba da ita har ba ma lura. Baba yakan ce, "Lafiya lau. Ya hanya? Tashi," cikin numfashi ɗaya, idonsa a kan rediyonsa.

Burin Baba guda ɗaya ne, kuma bai taɓa ɓoye shi ba. Ya ce ya ƙare ƙarfinsa yana ƙamewa yana sara wa 'ya'yan wasu, yana so kafin ya mutu ya sara wa nasa.

Yaya ne ya fara cika masa wannan buri. Ranar da ya fara dawowa gida da anini a kafaɗa, Baba na jin tsayawar mota ya shige ɗaki da sauri, ya fito da tsohuwar hularsa ta soja a kan rigar shan iska. Ya tsaya a ƙofar gida, ya buga diddige a ƙasa, ya ɗaga hannu ya sara. Maƙwabta suka leƙo. Yaya mutum ne mai sauƙin kai, ya san yadda ake tafiya da kowa. Ya ƙame shi ma, ya mayar da sarawar yadda ake yi, ya ce, "A huta, Saje." Sannan ya shigo falo, ya cire hula, ya durƙusa ya ce, "Baba, ina wuni?" Baba ya ce, "Lafiya lau. Ya hanya? Tashi." Kowa ya samu nasa. Mama ta ce wannan gida yanzu sai an gaisa sau biyu kafin baƙo ya sha ruwa.

Auta ba haka yake ba. Kan Baba ya ɗauko, taurin da komai, shi ya sa ba su taɓa jituwa a magana ba ko da yake ba mai shiga tsakaninsu. Muna yara a bariki, wata rana mun kai wa Baba abinci wurin aiki, muka tarar wani ƙaramin hafsa, wanda Baba ya kusa haifa, yana zazzaga masa masifa a gaban kurata. Baba yana ƙame, hannunsa a goshi, ba abin da yake cewa sai "yes sa". Ni na ja baya na ɓuya. Auta ya ajiye kwano ya fashe da kuka, ya yi ta kuka har gida. Bai taɓa manta wannan rana ba.

Ranar da aka yaye su Auta daga makarantar hafsoshi, mun je dukanmu. Ana gama fareti iyaye suka shiga fili. Na ga Baba yana gyara tsayuwa, yana haɗa diddige. Kafin hannunsa ya tashi, Auta ya zube a gabansa cikin sabon kaki, ya kama hannayensa biyu ya riƙe, ya ce, "Baba, na gode." Mutane suna ta sha'awa, wata mata har da share hawaye. Baba kuwa fuskarsa ta haɗe.

A mota ya fashe. "Ofisa ba ya durƙusa cikin kaki. Ka kunyata rigan nan a gaban mutane."

"Baba, ba za ka ƙame mini ba," in ji Auta. "Na ga ana sa ka ƙamewa. Ba zan zama ɗaya daga cikinsu ba."

"Ba mutum ake sara wa ba, anini ake sara wa."

"To, Baba, ni ba anini ba ne. Ni ɗanka ne."

Yaya ya yi dariya ya ce su bari mu kai gida, Mama ta ce a bar maganar. Muka ɗauke ta abin dariya, irin rigimar da ake ba baƙi labari da Kirsimeti.

Daga nan Auta ya samo dabararsa. In ya zo hutu, gidana yake fara sauka, a kwatas ɗin malamai, ya tuɓe kaki ya ninke a jaka, ya sa riga da wando na gida, sannan ya ƙarasa wurin su Baba. Ba a sara wa wanda ba ya cikin kaki, ya san wannan sarai. Mama takan kare shi ta ce hanya ba kyau, wa yake yawo da kaki yanzu. Baba yakan amsa gaisuwar yana ƙunƙuni, ya ce, "Tashi, farar hula." Ni kuwa na sha ce wa Auta ya yi wa tsohon nan sau ɗaya kawai a huta. Sai ya ce, "Malama, ke ba ki ga fuskarsa ran nan ba, kin ɓuya."

Sai aka kashe Yaya. Kwanton ɓauna aka yi musu a hanya, yana kyaftin, matarsa tana da goyo. A maƙabartar sojoji aka binne shi, can nesa da gida, ba a ba mu gawa ba. Baba ya je da hularsa, ya tsaya a gaban akwatin da aka lulluɓe da tuta, ya sara, bai zubar da hawaye ko ɗaya ba. Da muka dawo, wasu dangi suka fara maganar kayan mamaci da inda gwauruwar za ta koma. Baba ya ɗauko kujera ya ajiye a ƙofar ɗakinta ya zauna, ya ce duk mai magana ya zo ya yi da shi. Ba wanda ya zo. Har yau tana gidan, ita ta yi jinyar Baba tare da mu.

Auta bai samu zuwa jana'izar ba, ba a sake shi daga bakin daga ba sai daga baya. Da ya zo, ya sauka wurina kamar kullum. Ya rame, idonsa ya faɗa. Na ce masa, "Yau kam ka bar kakin a jikinka." Ya ce, "Yau ne ma ba zan iya ba. Gaisuwar mutuwa na zo yi wa ubana."

Baba yana zaune a gindin mangwaro da rana tsaka, rediyo a kashe. Goggo tana nan lokacin, ta zo zaman makoki, da wasu dangi. Auta ya je ya durƙusa a gabansa.

"Baba, ina wuni? Ya haƙuri?"

Baba ya dube shi daga sama har ƙasa, ya dubi rigar, ya kawar da kai.

"Yayanka ko a cikin akwati da kaki na same shi," ya ce. "Ban ga wanda ya zo ba. In Laftanar ya iso, a faɗa mini."

Auta bai motsa ba. Ya sake cewa, "Baba, ina wuni?" Baba ya miƙe, ya ɗauki rediyonsa, ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Auta ya ci gaba da durƙuso a wurin, a gaban kujerar da ba kowa, don ba a ce masa ya tashi ba. Inuwa ta matsa ta bar shi a rana. Goggo ta buga ƙofar Baba tana zaginsa da yarenmu, bai buɗe ba. A ƙarshe Mama ce ta je ta kama shi ta ɗaga, tana kuka tana cewa ita ma ai ta haife shi. Washegari da safe ya koma bakin aiki. Baba yana jin fitarsa, bai leƙo ba.

Na san abin da ke ran Baba, ko da yake sanin bai rage mini haushinsa ba. Baƙin ciki ne ya rasa inda zai sauke shi, ya sauke a kan wanda ya rage masa. Ya ɗauka akwai wani hutun, akwai wata Kirsimeti. Mu ma haka muka ɗauka.

Damina ba ta ƙare ba sojoji biyu suka yi sallama a ƙofar gida. Baba ya saurare su a tsaye har suka gama, ya yi musu godiya, ya juya zai shiga ciki ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ne ya shanye. Yana kwance a asibiti aka binne Auta, a maƙabarta ɗaya da wansa. Ni da Mama muka je.

Baban da ya dawo daga asibiti wani mutum ne daban. Ya daina duba takalma. Yana jan ƙafa da sanda, magana tana fita da nauyi. Bai ƙara ambaton sunan Auta ba, dangi kuma suka ce taurin kai ne, ko mutuwa ba ta sauke shi ba. Amma in muna tafiya asibiti muka iso shingen sojoji a hanya, sai ya sa a tsaya. Ya miƙa wa yaran lemu ko gyaɗa da hannun hagu, ya tambaye su 'yan ina ne, sannan ya ce, "Yaushe rabonka da gida? In ka je, ka gai da babanka." Su yi dariya su ce, "Yes sa, Baba."

Kullum da safe kuma yana baranda yana fama da hannun dama. Ya kama shi da na hagu ya ɗaga, ya saki, hannun ya faɗo. Ya sake. Mai gashin ƙashi a asibiti ya yaba masa, ya ce bai taɓa ganin tsoho mai naci irinsa ba. Ni ma na ɗauka neman lafiya yake. Sai wata safiya na fito na gan shi da hularsa a kai, yana ƙoƙarin kai yatsun nan goshi, sannan na gane abin da yake koya wa hannun. Da ƙyar ya kai ga iya ɗaga shi zuwa ƙirji, daga nan bai ƙara gaba ba.

Bara, bayan an gama haƙar citta, ya kira ni ya ce, "Malama, ki nemo mota. Zan je in ga yaran nan." Mama ta ce ita ba za ta iya sake ganin wurin ba. Likita ya ce tafiyar ta yi masa nisa. Baba ya ce ba shawara ya nema ba. Muka ɗauki wani maƙwabcinmu mai bas, muka tafi mu uku. Ya sa aka goge masa takalmi, ya maƙala lambobinsa a ƙirjin riga, hula tana kan cinyarsa duk tsawon hanya.

Direba ya tsaya a bakin ƙofa, ni na riƙe Baba muka shiga. Kaburbura ne a jere, farare, iri ɗaya, sun fi yadda na bar su yawa. Muka fara isa na Yaya. Baba ya tsaya kaɗan, ya gyaɗa kai, ya ce, "Wannan mun sallami juna." Muka wuce layuka kaɗan zuwa na Auta.

Ya ce in sa masa hula, na sa. Ya ba ni sandar. Ya haɗa ƙafafunsa iyakar yadda suka yarda, ya miƙe, ya fara ɗaga hannun. Ya kai ciki, ya kai ƙirji, ya tsaya yana rawa. Gumi ya keto masa. Hannun ya faɗo. Ya sake gwadawa, ya sake faɗowa.

Na ce, "Baba, bari in ɗaga maka."

"A'a. Wanda aka ɗaga wa mutum ba sarawa ba ne."

"To ka yi da hagu."

"Soja ba ya sarawa da hagu."

Raina yana ta tafasa, ina cewa a zuci mun yi wannan doguwar tafiya don tsohon nan ya sake tsayawa a kan oda. Ya daɗe yana kallon sunan da aka rubuta, da muƙamin a gabansa. Sai ya kai hannun hagu ya cire hular, ya miƙo mini. Ya dafa kafaɗata ya ce in saukar da shi. Na zaunar da shi a gefen kabarin, ƙafar da ta shanye a miƙe. Ya ɗora tafin hannunsa a kan siminti, daidai inda kan mai durƙuso zai kasance.

"Lafiya lau, Auta," ya ce. "Lafiya lau. Haƙuri sai godiya. Ya hanya?"

Ya jira kamar yadda ake jiran amsa. Sannan ya ce:

"Tashi mana. Tashi, ɗana, rana ta yi zafi. Gwiwanka zai yi ciwo."

Ya yi ta maimaitawa. Hawayen da bai yi wa Yaya ba, da wanda bai yi a asibiti ba, duka a nan ya yi su. Ni ma na zauna a ƙasa na yi nawa. Ban san tsawon zaman da muka yi ba, sai da direba ya shigo nemanmu.

A hanyar dawowa ya ce mini, "Kada ki faɗa wa kowa. Magana tsakanin uba da ɗa ne." Hular kuma bai sake karɓarta ba, tana wurina har yanzu. Na riƙe masa maganar muddin yana da rai, ko Mama ban gaya wa ba sai bayan jana'iza. Oda ce, na sani, amma mai odar ya tafi, kuma ba zan bari a riƙa tuna shi da ƙofar da ya rufe kaɗai ba.

Ba zan ce abin ya wanke komai ba. Ina baƙin ciki har yau. Ina baƙin cikin samari biyu da ba su ga furfurarsu ba, da jikan da ya san ubansa a hoto kawai. Ina baƙin cikin mutum biyu da suke ƙaunar juna haka, kowanne yana so ya girmama ɗayan, suka rabu a kan wa zai fara. Kalmar da Auta ya jira a rana ba ta fi a faɗe ta cikin numfashi ɗaya ba, Baba ya faɗe ta sau dubu yana sauraron rediyo, ranar da ake bukatarta kuma ta zo a makare.

A ƙauye muka binne Baba, bayan gida, kusa da Kaka, nesa da 'ya'yansa. Fasto ya yi wa'azi a kan tashin matattu, yadda aka saba. Na sha jin wannan wa'azi a jana'iza ban ji komai ba. Ran nan da ya ce Ubangiji zai kira su su tashi, sai da matar Yaya ta riƙe ni.

Goggo, ba kya karatu, amma zan zo har gida in karanta miki wannan da ƙarfi a kunnenki mai ji. Ƙanenki ya amsa. Ya amsa a zaune a ƙasa, ba hula, ina riƙe da sandarsa. Ya ce wa yaron ya tashi. Abin da ya rage ba a bakin Baba yake ba, yana wurin Ubangiji, kuma shi muke roƙo ya ba su hutawa su uku, ya faɗa wa Auta kalmar nan da muryar da zai ji.